Wa Ya Ba Ka Ƙari?

Duk ƙarshen zango sai an sami mai tare ni da tambayar nan: Malam, wane littafi ne mai kyau da za a saya wa yaro ɗan ƙaramar sakandare? Wani a ƙofar masallaci, wani a waya, wata ma har gida ta biyo ta hannun matata. Gani suke tunda na yi furfura ina koyar da Hausa, amsar tana cikin aljihuna tare da goro. Da can kuwa ina da bakin amsawa, ko ba a tambaye ni ba sai na zuba. Yanzu cewa nake a bari in yi tunani, kuma da wuya in koma kan maganar. Matata ta ce tsufa ya sa na fara rowar ilimi. Ba rowa ba ce. Akwai yaron da na taɓa zaɓa wa littafi, tun daga kansa bakina ya yi nauyi.

Makarantar da nake koyarwa tana wani ƙauye gaba da Sandamu, daga Daura nake zuwa kullum a kan babur. Muna da wani ɗaki da aka rubuta masa “ɗakin karatu” a saman ƙofa da jan fenti. Mabuɗinsa yana hannun shugaban makaranta, ba a buɗe shi sai ranar da baƙi za su zo daga ofis. A share, a jera littattafai a kan benci, baƙi su leƙa su gyaɗa kai, a mayar cikin kwali. Wata shekara aka daɗe ba a yi baƙi ba, ranar da aka buɗe muka tarar gara ta riga yaranmu karantawa, ta fara daga ƙasan kwali ta ɓullo ta sama. Shugaban ya tsaya yana salati kamar wani ne ya hana shi buɗewa. Ni dai fita na yi, don in na tsaya zan faɗi abin da zai sa a canza mini makaranta.

Saboda haka na kawo nawa. Wani tsohon akwatin ƙarfe ne na zamanin da nake ɗalibi, na cika shi da littattafan labari da na tara, wasu tun ina kwaleji, wasu na tsinto wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa in na shiga Kano. A ƙarƙashin teburina yake zama a ofishin malamai. Ina da ƙa'idata ta zaɓe, kuma ban are ta wajen kowa ba. Littafi ya zama siriri, don kada yaro ya gan shi ya karaya. Wani abu ya faru tun a shafin farko. Marubucin da ya buɗe da wa'azi kan muhimmancin ilimi, wannan ya jira a can ƙasan akwati, yaran nan sun sha wa'azi a gida da wajen taron safe. A fara da Hausa, yaro ya ɗanɗana daɗin abin da harshen da yake faɗa da wasa da shi, Turanci ya biyo baya. In kuma aka kira yaro cin tuwo ya ce “ina zuwa” bai ɗago kai ba, to ba na bukatar wani ya gaya mini littafin mai kyau ne.

Yaron da nake magana ya shigo aji ɗaya ya girmi kowa, dogo, gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashin benci. Mahaifinsa wani Alhaji ne mai fataucin shanu, yana saye a kara yana lodawa Kudu. Ƙanin Alhajin kuma malami ne mai zaure a garin, yaron yana ce masa Baffa. A hannunsa ya sauke Alƙur'ani, sannan aka tura shi firamare ya yi ta a gurguje. 'Yan ajin suka laƙaba masa Alaramma, shi kuma bai taɓa nuna ya ji haushi ba. Alhaji da kansa ya kawo shi, ya tsaya a ƙofar ofis, aka yi aka yi ya zauna ya ƙi.

“Malam, ni ba na ɓoye magana,” ya ce. “Aron shekara uku na ba shi. In ya ci jarrabawar aji uku, in kai shi Daura ya ɗora. In bai ci ba, ga mota nan, ya bi shanu kamar yayyensa. Ba zan ajiye ƙato yana cin tuwo yana ɗumama benci ba.”

Yaron yana tsaye a bayansa, kansa a ƙasa. Daga baya ne ya gaya mini ya taɓa bin motar sau ɗaya. A kan katakon da ake gittawa sama da shanun ake zama, kwana da kwanaki, in saniya ta faɗi sai ka dira cikinsu ka tayar da ita kafin 'yan uwanta su tattake ta. A haka wani yayansa ya sami karayar da har yau yake ɗingishi. Ya ce, “Malam, ni ba na son motar nan.” Iyakar abin da ya ce ke nan, ni ma ban tona ba.

Kai gare shi kamar me. Duk abin da malami ya rubuta a allo, washegari zai kawo maka shi da ka, har da kuskuren malamin. Malamin kimiyya yana ji da shi, malamin lissafi yana kafa misali da shi. Ni ne na ci karo da ramin. A aji biyu na ba su gwaji, na kawo wani guntun labari da ba su taɓa gani ba, da tambayoyi a ƙasa. Yaran da ba su kai rabin ƙwaƙwalwarsa ba suka duƙufa suna rubutu. Shi kuwa ya miƙo mini takarda fara fat, ba komai sai sunansa.

“Alaramma, lafiya?”

“Malam, ba a koya mana wannan ba.”

“Ai ba koyarwa ake ba. Karantawa za ka yi, ka amsa.”

Ya dube ni kamar na ce ya yi salla ba alwala. Na san jarrabawar da ubansa ya ɗaure shi da ita cike take da irin wannan, a Hausa da Turanci, labarin da ba wanda ya taɓa gani sai wanda ya tsara shi. Hadda ba za ta fitar da shi ba.

Magani ɗaya na sani. Na jawo akwati na zaɓo masa wani siririn littafi da bai taɓa ba ni kunya ba, labarin wani mai ginin rijiya da ƙasa ta rufta masa yana ciki, 'ya'yansa biyu suna neman yadda za su fito da shi ga hadari yana haɗowa. Yara ƙanana sukan cinye shi tsakanin Juma'a da Litinin. Don in kwaɗaita masa, na karanta masa shafi na farko da na biyu a nan ofis, na ce ya tafi da shi, in ya gama ya zo mu yi hira. Ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe shi a leda kafin ya sa a jaka.

Aka yi mako, aka yi biyu, aka doshi wata, shiru. Na fara zargin ko ya yar ne yake jin nauyin faɗa. Ran nan da aka fita tara na aika aka kira shi.

“Ina labarin mai rijiya? An fito da shi?”

“Ban sani ba, Malam. Ina shafi na biyu.”

“Tun wancan watan?”

“Amma sun zauna,” ya ce da sauri. “In biya?”

Kafin in buɗe baki ya naɗe hannu, ya kafa ido a bango, ya fara. Kalma bayan kalma, har da kan babi, yana ɗan rangaji gaba da baya, da irin muryar da ake tilawa da ita. Mai rijiya yana ɗaura igiya a ƙugu, matarsa tana ce masa ita fa ƙasar wurin nan ba ta kwanta mata ba, shi kuwa Alaramma yana jan maganar matar a natse kamar ana ba shi lada a kan kowane harafi. Malaman da ke ofis suka bar abin da suke yi, wani ya toshe baki da hula. Ya kai ƙarshen shafi na biyu a tsakiyar jimla, ya tsaya cak.

“To, sai me ya faru?” na ce.

“Nan aka tsaya, Malam. Ba a yi mini ƙari ba.”

Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san abin da yake nufi. Ni ma na zauna, boko ce ta mantar da ni. A can ɗalibi ba ya wuce inda malam ya tsaya. Malam ya biya maka, ka je ka yi ta maimaitawa har ya zauna, ka dawo ka biya masa, sannan ya yi maka ƙari, wato ya ɗora maka na gaba. Leƙa gaba kai kaɗai rashin ladabi ne, kuma hanya ce ta ɗaukar karatu a karkace. Shafi biyun da na karanta masa don kwaɗayi, shi a wurinsa darasi ne aka ba shi. Kusan wata guda yaron nan yana yawo da littafin a jaka yana jiran in kira shi, kunya kuma ta hana shi tuna mini, don a ganinsa malami ne ya san lokacin ƙari.

Dariya ta taso mini, takaici ya danne ta. Na ce masa wannan littafin ba shi da ƙari, ba ya jiran kowa, buɗewa ake a yi ta tafiya har a ga ƙarshe, abin da aka manta ma ba laifi. Ya ce to. Amma irin “to” ɗin nan ne da yaro mai ladabi yake yi wa babba in ya ji babban ya saki layi. Bayan kwana biyu na bincika, yana nan inda yake.

Sai na biyo masa ta hanyarsa. Kullum in an fita tara ya zo, in karanta masa 'yan shafuka, in hana shi haddacewa, in ce ya ba ni labarin da bakinsa kawai. Da farko abin ya ba shi wuya, in ya sauya kalma ɗaya sai ya yi istigfari ya koma baya. A hankali ya saki jiki. Wata Alhamis muka kai inda yaran suka zura igiya cikin rijiyar, suka ji ta yi motsi, suka ja, sai suka ji ba nauyi. Na rufe littafin na miƙa masa.

“Malam, me suka jawo?”

“Ƙari sai wani makon, ko na sama. Ga takardu nan jibge ina da maki.”

Ya karɓa ya tafi. Ranar Litinin tun kafin in kafe babur na hango shi a gindin darbejiya yana jirana. Ya zo ya durƙusa, idonsa a ƙasa kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta.

“Malam, na yi laifi. Na wuce.”

“Har ina?”

“Har ƙarshe.” Sai kuma ya ɗago, fuskar ta kasa riƙe laifin. “Malam, ashe takalminsa ya ɗaura musu, don su san yana da rai!”

Na daɗe ina koyarwa, ban taɓa jin daɗi irin na safiyar nan ba. Na ce masa laifi irin wannan ya yi ta yi, na ɗauke masa.

Ya ɗauke ni da gaske kuwa. Kafin a gama aji biyu ya kusa ganin ƙasan akwatin. Na Hausa suka ƙare, ya shiga na Turanci da yatsa a kan layi, kalmar da bai sani ba ya cinka ya wuce, ya daina tsayawa yana jiran a fassara masa. Har ya fara raina marubuta. Wata rana ya dawo mini da wani littafi tun bai kai rabi ba, ya ce, “Malam, mutumin nan bai taɓa kiwo ba. Wai saniya ta kwana da yunwa ta tashi tana ba da nono cike da ƙwarya.” Na ce ya mayar da shi can ƙasa wajen masu wa'azi. 'Yan aji ɗaya in sun zo aro, shi suke tambaya wanne za su ɗauka, ya dubi yaro sama da ƙasa ya ce wannan ya fi ƙarfinka tukuna, fara da na rijiya. Ni da akwatina na koma ɗan kallo, kuma ban ji haushi ba.

Da akwatin ya ƙare na shiga neman ƙarin littattafai a Daura. Wannan yawon ya ɓata mini rai ƙwarai. Shagon farko tarin tambayoyin jarrabawar shekarun baya ne da amsoshinsu, daga ƙasa har rufi. Na biyu littattafan soyayya ne waɗanda ni kaina ba zan iya karanta shafinsu a gaban 'yata ba. Na tambayi mai shagon ko akwai na labari na yara masu tasowa, ya ce ai yara ba sa karatu yanzu, waya suke so. Na ce ka taɓa kawowa suka ƙi? Ya ce Malam in ba saye za ka yi ba, ba ni wuri. A ƙarshe wani abokina malami a Katsina ya aiko mini da kwali guda a mota, na zauna na tsince masu kyau kamar mai tsintar tsakuwa a wake.

A gwajin farkon aji uku na sake kawo musu labarin da ba su taɓa gani ba. Shi ya zo na ɗaya a Hausa, Turanci ma ya haye ba da ƙyar ba. Na fara tunanin wace babbar sakandare ce za ta dace da shi a Daura. Har na ce wa matata in an kawo shi, ɗakin zaurenmu ba kowa, sai ya zauna a nan.

Saura 'yan makonni a fara jarrabawa, na shiga aji na ga bencinsa wayam. Washegari ma haka. Na tambayi wani yaro ɗan unguwarsu.

“An cire shi, Malam. Wai ya yi wa Baffansa gyara.”

Da aka tashi ban koma Daura ba, na jira aka yi la'asar na nufi zauren Baffan. Dattijo ne siriri mai tabarau, yana zaune a kan buzu, littattafai jere a gefensa. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo ruwa.

“Allah ya gafarta Malam, kan maganar yaron nan na zo.”

“Na san za ka zo, malamin boko. Zauna ka ji.”

Ya ce suna karatun wani ƙaramin littafin fiƙihu ne da dattawan unguwa, yaron yana can baya kamar kullum. Wani tsoho manomi ya yi tambaya kan taimama, shi kuma yana cikin ba shi amsa, sai ya ji murya daga baya.

“Wai, ‘Baffa, ai a gaba ba haka aka ce ba.’ A gaban mutane masu farin gemu. Na ce gaba ina? Ya ce babin da ke tafe. Na ce wa ya ba ka ƙari? Ya ce ba kowa, malaminsu ya ce littafi ba ya jiran kowa.”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, littafin labari nake nufi.”

“Na sani. Amma yaro kai ɗaya gare shi, ba biyu ba. Ba zai ajiye ɗabi'ar da ka koya masa a ƙofar zaurena tare da takalminsa ba. Kuma abin da ya karanto, rabi ya gane. Akwai sharaɗi a wurin, sai an zaunar da mutum an warware masa. Da tsohon nan ya tafi da maganarsa, da ya yi ta salla ba a kan daidai ba. Wa zai ɗauki wannan ranar gobe? Kai?”

A kan mas'alar shi ke da gaskiya, kuma bai ɗaga murya ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan, don da ya yi mini ihu da na sami abin kamawa. Na ce yaro ne, a yi masa faɗa, a hore shi yadda aka ga dama, amma a bar shi ya zana jarrabawa. Ya ce shi bai ce a cire shi ba. Ya dai gaya wa yayansa abin da ya faru, ya kuma ce yaron ba zai sake zama a zaurensa ba sai ya koma ya koyi zama. Cirewa hukuncin ubansa ne, in ina da magana in nemi Alhaji.

Ranar Lahadi na bi shi har kara a Mai'adua. Na same shi a wata rumfa, dillalai sun kewaye shi, ana ta ciniki ana tafa hannu. Na jira suka watse, muka gaisa.

“Alhaji, kai da bakinka ka ce shekara uku. Saura kaɗan. Wallahi yaron nan zai ci.”

“Na san zai ci,” ya ce. “Shi ya sa.”

Na ce ban gane ba.

“Da faɗuwa zai yi, da na bar shi ya zana, ya faɗi, zuciyarsa ta huce. Yau yana aji uku ƙanina ya yi wa gyara a gaban dattawa. In ya je Daura ya dawo, ni zai yi wa gyara a gaban dillalai. Ni na kai shi boko ne ya iya lissafi da karanta takardar hanya. Ban kai shi don ya fi ƙarfin gidanmu ba.”

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce masa alkawari ya ɗauka a gaban shaidu, na ce shanun da yake lodawa ma in ya ga mai kyau ware ta yake ya bar ta ta haihu, na ce abubuwa da dama da murya mai ƙarfi har masu wucewa suka fara tsayawa. Ya bar ni na gama, yana ɓare goro.

“Malam,” ya ce, “ɗanka ne?”

Na juya na tafi. A hanyar fita na hango yaron a wajen lodi, riƙe da igiya, shi da wasu suna tura wani bijimi ya hau mota. Ya gan ni. Ya ɗan rusuna daga nesa, ya mayar da kansa kan bijimin. Ban ƙarasa wurinsa ba, don ban san me zan ce masa a gaban yayyensa ba. Bayan kwana biyu ɗan unguwarsu ya kawo mini littafin ƙarshe da ya ara, da sallahun wai a gaya wa Malam ya kai ƙarshe, yana da kyau, a ba 'yan aji biyu.

Ranar da aka zana Hausa ni ma ina cikin masu tsaron ɗaki. Na karɓi takardar tambaya guda na karanta labarin da aka kawo. Mai sauƙi ne. Na ajiye ta na fita bakin ƙofa, na bar abokin aikina da yaran.

An yi shekaru ban sake ganinsa ba. Nakan ji dai an ce suna hanya, sun dawo, sun sake tafiya. Sai farkon zangon nan, ina ofis ina rubutu, aka yi sallama. Wani magidanci ne a ƙofa, rana ta dafa shi, yatsunsa biyu na hannun dama sun kwanta a karkace, riƙe da hannun wani ɗan yaro cikin sabon yunifom. Sai da ya durƙusa na gane shi. Ya ce Alhaji ƙafa ta matsa masa, shi ya sa aka ce shi ya kawo autansu aji ɗaya. Muka gaisa, na tambayi gida, na tambayi hanya, duk ya ce alhamdulillahi. Ya sa yaron ya jira a waje.

“Malam, alfarma na zo nema. Yaron nan yana da kai, ya ma fi ni. A bar shi da abin da ake rubutawa a allo. Kada a ba shi na akwati.”

“Tsoron Baffa kake?”

“Baffa ya rasu bara, Allah ya ji ƙansa. Ba shi ba ne.” Ya murza yatsun nan. “Mu da muke bin mota, Malam, in an tsaya a hanya kowa zai ci abinci, ya yi hira, ya miƙe ƙafa, ba abin da ya dame shi. Ni kaɗai nake zama ina tunanin wasu garuruwa da wasu mutane, ina cewa da yanzu ina kaza, da yanzu na zama kaza. Su ba su san an hana su komai ba. Ni na sani. Shi ma shekara uku Alhaji ya ba shi, kuma na san inda za a ƙare. Gara ya hau motar nan zuciyarsa sakayau.”

Na tambaye shi ko yana karatu har yanzu.

“Allunan hanya,” ya ce. “Da rubutun bayan motoci.” Ya yi 'yar dariya, shi kaɗai.

Ni mutum ne mai musu, kowa ya sani. Na yi da mai shago, na yi da ubansa a tsakiyar kara. Amma da shi na kasa. Shi ya hau motar, ba ni ba. Na raka shi bakin ƙofa, ya dafa kan ƙaninsa ya ce ya yi ladabi, ya tafi.

Yaron yana ajina yanzu. Ranar Alhamis nake buɗe akwati, yara su yi cincirindo a ofis, wannan ya dawo da nasa, wancan ya ɗauka. Shi yakan tsaya a bakin ƙofa yana leƙe, don an gaya masa a gida kada ya shiga. Makon jiya da suka watse bai tafi ba.

“Malam, ni yaushe za a ba ni?”

Na ce ya koma aji, an kusa kaɗa ƙararrawa.